Pesto a turmin Inna: zogale, gyaɗa da ɗan daddawa

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta ishe su sauraro ba.

Yau kicin za mu shiga. Kuma tun kafin mu yi nisa bari in faɗa muku, babu nama a girkin nan, babu kifi, babu ƙwai, babu madara. Na san wasu har sun fara taɓe baki. Ku dai tsaya ku ji.

Abin da ya jawo maganar shi ne ƙanina. Yana karatu a cikin birnin Kano, da ya dawo hutu gida Yako na kalle shi na ce, kai yaro, me kake ci haka duk ka zube? Ya ce, Yaya, taliya da mai da yaji. Safe taliya, dare taliya. In ya samu sarari ya sayi awara. Nama kuwa sai dai ya ji ƙamshinsa in ya wuce teburin mai tsire. Ba shi kaɗai ba ne, kun sani na sani. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, kayan miya suka bi shi, gidaje da yawa nama ya koma sai ranar Juma'a ko ranar suna. Abin da ya fi damuna ma ba rashin naman ba ne. Kunyar ce. Mutum zai dafa abinci ba nama ya riƙa ɓoyewa kamar ya yi sata, in baƙo ya shigo ya hau ba da haƙuri.

To a wannan hutun ne yake nuna min wani bidiyo a TikTok, wata Baturiya tana juya taliya a cikin wani koren haɗi. Ya ce, Yaya kin ga abincin masu kuɗi, pesto sunansa. Na karɓi wayar na kalla sau biyu. Ganye, tafarnuwa, wasu 'ya'yan itace masu kama da gyaɗa, mai, gishiri. Na ce masa, Malam, wannan ai ɗan uwan kwaɗo ne ya je Turai ya sa kwat.

Bari in ba ku asalinsa a taƙaice, don akwai abin dariya a ciki. Pesto, ko festo yadda bakinmu ya fi sabawa, abincin mutanen Jenowa ne, wani birni a bakin teku a arewa maso yammacin Italiya, yankin da ake kira Liguriya. Sunan kansa daga kalmarsu ta daka ya fito. Daka dai, irin wanda ake yi a turmi. Nasu turmin ƙarami ne na dutsen marmara, taɓaryar ta katako. Tun a 1863 wani mai suna Giovanni Battista Ratto ya rubuta yadda ake yin sa a littafinsa na girke-girken Jenowa. Kuma tun 2007 suke shirya gasar duniya ta haɗa pesto a birnin, sharaɗin shiga shi ne da turmi za ka yi, ba da inji ba. Ku ji fa. Abin da ake tashin mu da asuba mu yi muna ƙunƙuni, can kofi ake ba mutum a kansa. Da na faɗa wa Inna haka cewa ta yi, to a kai ta mana, ta ga wanda zai kayar da ita.

Kayan haɗinsu na asali guda bakwai ne: ɗanyen ganyen basil, tafarnuwa, 'ya'yan wata bishiya da ake kira pain, man zaitun, gishiri, da cuku iri biyu, ɗaya na nonon saniya ɗaya na nonon tunkiya. To akwai mutanen da ba sa cin duk abin da ya fito daga jikin dabba, har madara da ƙwai da zuma, ana ce musu bigan. A Ingila aka kafa ƙungiyarsu a 1944. Su ne suka cire cukun suka nemi abin da zai maye gurbinsa, yawanci wani garin yis mai ɗanɗanon cuku suke zubawa. Ni ba wa'azin barin nama na zo yi muku ba, kar wani ya fassara ni. Ranar layya ina gaban kasko. Abin da na ɗauka a wajensu ɗaya ne: sun zauna sun yi tunanin yadda abinci zai yi daɗi ba tare da nama ba, da gangan, ba da haƙuri ba. Mu kuwa kakanninmu sun daɗe da yin wannan tunanin, mu ne muka raina.

Ku duba kwaɗon zogale. Dafaffen ganye, garin ƙuli-ƙuli, albasa, tumatir, ɗan mai, gishiri, yaji. Kwaɗon rama haka, na tafasa haka, na lansir haka. Wa ya taɓa tambayar ina naman kwaɗo? Babu. Bambancinsa da pesto shi ne mu muna barin ganyen a yadda yake mu ci shi a matsayin abinci, su kuma suna dake shi ya yi laushi, su ƙara masa mai, ya zama abin da ake juya wani abincin a ciki. Shi ke nan fa. Sai na ce bari in gwada da kayan da ke tsakar gidanmu.

Gwajin farko bai yi ba, gaskiya ɗaya ce. Ɗanyen zogale na tsinko a bayan ɗaki na zuba a turmi yadda na ga Baturiyar ta yi da nata ganyen. Wayyo. Ɗaci da wani irin yaji mai kama maƙogwaro. Inna ta lasa ta ce, ke wannan na shawara ne ko na basir? Ƙannena suka yi ta dariya har da faɗuwa. Ashe ganyensu mai laushi ne mai ƙamshi, zogale kuwa ba a cin sa ɗanye da yawa haka, shi ya sa iyayenmu suke dafa shi. Amma in kin dafa shi dahuwar kwaɗo, har ya yi duhu, korensa ya tafi, ba zai ba ki abin da ake nema ba. Tsakiya za ki bi.

Ga yadda na daidaita shi bayan gwaji na huɗu, ku ɗauki biro.

Ki samu zogale sabon tsinka, mai ƙananan ganye na saman reshe, ki zage shi daga tsinkensa tas, don tsinken nan ba ya dakuwa kuma shi ke shiga haƙori. Kamar cikin gwangwanin madara huɗu in kin danna shi. Ki wanke sau biyu ko uku. Ki ɗora ruwa da ɗan gishiri, sai ya tafasa sosai yana ɓararraka, sannan ki zuba zogalen. Minti ɗaya, in ganyen ya ɗan tsufa minti biyu. Kar ki tafi ɗauko waya. Ki kwashe ki zuba shi cikin ruwan randa mai sanyi nan take, sannan ki matse shi da hannu har sai ruwan ya daina ɗiga. Wannan ɗan tsomawar ita ke rage ɗacin, ita ce kuma ke sa ya tsaya kore shar. Za ki ga gwangwani huɗun nan ya koma ɗan dunƙule ɗaya a tafin hannu, kar ki tsorata, haka yake.

Sai ƙamshi. Ganyen basil ɗin da suke alfahari da shi ɗan uwan ɗaɗɗoyarmu ne, dangi ɗaya suke. Sai dai tamu ta fi tasu ƙarfi nesa ba kusa ba, in kin cika ta sai abin ya koma kamar maganin mura. Ganye goma zuwa sha biyar ya isa, ita ba sai an tsoma ta a ruwan zafi ba, wankewa kawai ki bari ta tsane.

'Ya'yan pain kuwa ki manta da su. Ko a ƙasarsu tsada gare su, mu kuma a ƙasar da aka yi dalar gyaɗa muke. Soyayyar gyaɗa rabin gwangwani, a murje ɓawon a fece. Ni ina ƙara cokali biyu na soyayyen riɗi, yana ba shi wani ƙamshi da gyaɗa kaɗai ba ta bayarwa. Riɗin nan da ake lodawa a manyan motoci daga kasuwar Dawanau zuwa ƙasashen waje, mu ba mu san shi ba sai a kantu. In babu gyaɗa garin ƙuli-ƙuli ma ya yi, sai dai ki ƙara mai don an riga an matse nasa, kuma ki rage gishiri.

A nan zan ɗan tsaya a kan gyaɗar, don magana ce ta lafiya. Ki baza ta a faranti ki tsince duk wadda ta yamushe, ta yi baƙi, ko ta yi fumfuna. Gyaɗar da ta sha danshi a ajiya tana iya ɗaukar wata guba da fumfunar ke fitarwa, ana kiranta afilatoksin, hanta take taɓawa a hankali, kuma suya ba ta kawar da ita. In kin tauna kin ji ɗaci ki tofar. Sannan in akwai wanda gyaɗa ke tayar wa da borin jini a gidan, a yi masa da riɗi zalla ko a bar shi.

Yanzu ga inda na fi jin daɗi, wajen cuku. Na yi ta tunanin me cukun nan yake yi a cikin haɗin. Cukun Parmesan ba a sayar da shi sai ya yi aƙalla wata 12 a ajiye. A tsawon wannan zaman ne yake samun ɗanɗanon nan mai zurfi, irin wanda ke sa ka ji kamar akwai nama a abinci. Me muke da shi da ake rufewa a bar shi ya kwana biyu har ya sami irin wannan ɗanɗanon? Daddawa. Kalwar ɗorawa da aka dafa, aka rufe, ta ruɓa ruɓa mai kyau. Sinadarin da ke ba tsohon cuku daɗinsa, gulutamet, akwai shi a daddawa, kuma shi ne dai ake matsawa a ɗan dunƙulen magi a sayar mana. Da na gane haka wallahi sai da na tashi na yi rawa a tsakar gida. Amma kaɗan za ki sa. Ki ɓantari kamar girman ƙwayar gyaɗa uku, ki ɗan gasa ta a busasshen kasko har ƙamshin ya tashi, warin ya kwanta. In kin zarce, miyar kuka za ki samu ba kuka.

Sauran kayan: tafarnuwa ƙwaya biyu, gishiri rabin ƙaramin cokali, man gyaɗa mai kyau kamar rabin gwangwani. Man zaitun in kina da hali bismillah, amma man ƙuli na gida da aka soya da albasa ya huce, ni ya fi min. Attaruhu ba ya cikin na Italiya. Ni na sa rabin ƙwaya, don na san mutanena, in babu yaji cewa za su yi abincin asibiti ne.

Wajen daka akwai tsari, kuma tsarin ba iyayi ba ne. Tafarnuwa da gishiri da daddawa da attaruhu su ake fara dakawa, gishirin shi ke taimakawa su yi laushi. Sai gyaɗa da riɗi, a daka har su fara fitar da mai amma kar su zama tunkuza. Sannan ganye, kaɗan-kaɗan. A nan ba dukan fura za ki yi ba, murzawa za ki riƙa yi kina juya taɓaryar a jikin turmin. Ƙaramin turmin kayan miya ya fi, kuma a wanke shi sosai, kar ya zo da warin citta da kanumfari na jiya. In ya haɗe sai ki kwashe a kwano, ki riƙa zuba mai kina juyawa da cokali har ya yi kaurin kunun gyaɗa mai kauri. Mai bilenda kuma ta yi da bilenda in an kawo wuta, amma a riƙa kunnawa ana kashewa, don in injin ya yi zafi ganyen duhu yake yi.

Lemon tsami fa? Ana sawa, yana tashin ɗanɗanon. Amma kar ki matsa shi a cikin wanda za ki ajiye. Tsami yana mayar da koren ganye ya koma ruwan ƙasa-ƙasa in ya jima. A faranti za ki matsa, lokacin ci.

To me ake ci da shi? Mu fara da taliyar da ta ramar da ƙanina. Doka ɗaya ce: ba a dafa pesto. Kar ki ɗora shi a wuta kamar miya, ƙamshin gudu yake yi, man ya rabu. Ki dafa taliyarki da gishiri, kafin ki tace ki ɗebi ludayi ɗaya na ruwan dahuwar ki ajiye. Ki sa cokali biyu ko uku na haɗin a roba, ki sassauta shi da ɗan ruwan nan, ki juye taliyar da zafinta ki juya. Ruwan yana da sitaci, shi ke sa haɗin ya manne a jikin taliyar maimakon ya kwanta a ƙasan kwano. Mutanen Jenowa suna yanka dankalin Turawa da ɗanyen koren wake su dafa a tukunya ɗaya da taliyar. Na gwada da dankalin, yana ƙara auki sosai, leda ɗaya ta ciyar da mu biyar. Da taliyar Hausa 'yar murji ma na yi, ta fi kama haɗin.

Amma in kun tambaye ni, ba a taliya ya fi daɗi ba. A ɗan wake ne. Ku yi tunani, ɗan wake dama mai da yaji yake nema, to ga mai, ga yaji, ga gyaɗa, ga ganye duk a cokali ɗaya. Ranar da na yi shi Baba bai ce komai ba, kwanon kawai ya miƙo a ƙara. Wanda ya san Baba ya san wannan ya fi yabo. Garau-garau ma haka, shinkafa da wake ki sa cokali ɗaya a gefe. Dafaffen dankalin Hausa, rogo, doya, duk suna karɓa. A shafa a gurasa a ɗan ɗumama, ko a burodi da safe maimakon bota. Awara kuma in kin soya ki juya ta a ciki da zafinta, ga abin gina jiki ya samu, don waken suya ne. A tuwo ne kawai na gwada na ce a'a, kowa ya tsaya a matsayinsa.

Da rani in zogale ya yi wuya ba a rasa ganye a wajenmu. Ruwan dam ɗin Tiga da ke ƙaramar hukumar Bebeji da fadamun da ke kewaye sun sa lambu ba ya yankewa. Lokacin sanyi ga lansir, shi ɗanye ake daka shi, yana da ɗan yajinsa na kansa, ba ya buƙatar ɗaɗɗoya ma. Alayyahu yana yi in an tsoma shi a ruwan zafi, sai dai ɗanɗanonsa lami ne, sai an ƙara tafarnuwa. Har ganyen karas da masu lambu ke yankewa su zubar wa awaki, masu laushin ciki suna yi in an gauraya da alayyahu. Busasshen zogale kam bai yi min ba, gari-gari yake yi a baki.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce ba na so ku tsallake, musamman ɗalibai masu zaman hostel. Ajiya. A bidiyoyin nan za ku ga an zuba a kwalba an ce a ajiye sati guda. Su firij ɗinsu ba ya mutuwa. Ni na zuba nawa a kwalba na rufe na ajiye a kan kanta a zafin watan Afrilu, kwana biyu na buɗe na ji ya yi tsami yana ƙananan kumfa, na zubar ina jin zafin man da na yi asara. Daga baya na gane ma sa'a na yi da ya nuna alama. Ɗanyar tafarnuwa da ganye in suka kwanta a cikin mai, iska ba ta shiga, ga ɗumi, akwai wata ƙwayar cuta da ke son irin wannan wurin. Gubar da take fitarwa tana shanye jijiyoyi har numfashi ya gagara, ana kiran ciwon botulizim, kuma ba lallai abincin ya yi wari ko ya canza kala ba. Ba kasafai yake faruwa ba, amma in ya faru ba wasa. Saboda haka in babu firij mai sanyi tsayayye, ki yi daidai cin yini ɗaya, a cinye a wanke kwano. In akwai firij kuma wuta na zama, kwana uku zuwa huɗu, ki shafe samansa da cokali ki zuba ɗan mai ya rufe shi don kar ya yi baƙi. Mai firiza ta ƙulla a ƙananan leda ta daskarar, ana ciro ɗaya-ɗaya.

Ga dabarar da na yi wa ƙanina da zai koma makaranta, tunda ɗakinsu ko fanka ba kullum take juyawa ba. Na daka masa busassun kayan kawai: gyaɗa, riɗi, gasasshiyar daddawa, gishiri da ɗan barkono, na zuba a roba mai murfi. Wannan yana yin sati biyu lafiya in ba a sa masa jiƙaƙƙen cokali ba. Ganye da tafarnuwa kuma ya saya ranar da zai ci, na naira kaɗan ya ishi mutum ɗaya. Ba shi da turmi, sai na ce ya yanka ganyen ƙanana sosai da wuƙa, ya murje da bayan cokali a kofin silba. Ba ya yin laushi kamar na turmi, amma yana ciyuwa.

Shekaranjiya ya kira ni, wai abokan ɗakinsa sun cinye garin tun sati bai cika ba, wani ɗan Doguwa a cikinsu har da ɗanyen gari yake barbaɗawa a shinkafa. Yanzu wai in aiko da mudu guda in an samu mai zuwa daga Kwanar Dangora. Na ce su haɗa kuɗin gyaɗa tukuna. Inna kuma har yau ba ta yarda ta kira shi pesto ba, in tana so sai ta ce, ke, yi mana kwaɗon nan naki na 'yan boko, amma ki rage tafarnuwa.

A nan za mu dakata. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu yi maganar awara, da dalilin da ya sa ta wasu take yin tauri kamar takalmi.